Zinariya Ta Narke, Tagulla Ta Tsira: Tarihin Ƙananan Allunan Maƙeran Italiya

Ranar 6 ga watan Mayu, 1527, sojojin Sarki Charles na Biyar, waɗanda suka yi watanni ba a biya su albashi ba, suka haura ganuwar birnin Rum suka shiga wasoso. Fafaroma Clement na Bakwai ya tsere ya fake a sansanin Castel Sant'Angelo da ke bakin kogin Tiber. Cikin waɗanda aka ritsa da su tare da shi akwai wani matashin maƙerin zinariya ɗan birnin Fulorans, mai shekara 26, sunansa Benvenuto Cellini.

Cellini ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa da al'amari ya yi tsanani, Fafaroma ya kira shi a asirce, ya sa shi ya ɓamɓare duwatsu masu daraja daga kambunan sarautar coci. Aka naɗe duwatsun a takarda, aka ɗinke su cikin shafin rigunan Fafaroma da na wani amintaccen baransa. Zinariyar da ta rage kuwa aka ce ya narkar da ita. Ya gina ɗan murhu da tubali a ɗakinsa, ya dinga jefa ta a wuta kaɗan-kaɗan. Aikin da magabatansa suka yi shekaru suna yi ya koma dunƙule cikin 'yan kwanaki.

Shi ma nasa aikin haka ya ƙare. Bayan ƙura ta lafa, ya ƙera wa Fafaroman wani babban maɓallin zinariya na ɗaure alkyabba, mai ƙaton daimon a tsakiya, wanda ya yi suna a zamaninsa. A 1797, lokacin da Napoleon ya ɗora wa Fafaroma Pius na Shida tara mai nauyi a yarjejeniyar Tolentino, aka farfasa maɓallin aka haɗa cikin kuɗin biya. Abin da ya rage daga gare shi zane ne a takarda, a British Museum da ke Landan.

Haka yawancin aikin maƙeran zinariya na Italiya ya salwanta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: darajar zinariya ita ce ta jawo mata wuta. Wanda yake son ya ga gwanintar waɗannan mutane a yau, galibi sai ya nufi wasu 'yan ƙananan alluna na tagulla, waɗanda a lokacinsu ake ɗauka kwafi ne kawai mai araha.

Yadda allunan suke

Yawancinsu ba su kai girman wayar da ke hannunka ba. Wasu masu kusurwa huɗu ne, wasu zagayayyu, wasu kuma samansu ya lanƙwasa kamar bakin ƙofar zaure. A fuska ɗaya akwai zane mai tudu, wanda yatsa ke iya ji idan an shafa. Bayan allon kuwa yawanci babu komai. A nan suka bambanta da lambar girmamawa, wadda ke da fuska biyu, kuma ake yin ta don tunawa da wani mutum.

Zane-zanen sun kasu gida biyu. Akwai na tatsuniyoyin Girkawa da Rumawan da, kamar gwagwarmayar jarumi Hercules. Akwai kuma na addinin Kirista, waɗanda su ne abin dubawarmu: Maryamu riƙe da jaririnta, masanan gabas da suka kawo wa jaririn kyautai, da kuma abubuwan da Kiristoci suka yi imani sun faru da Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, a ƙarshen zamansa a duniya, wato bulala da gicciyewa da sa shi a kabari.

An fara yin su a Italiya wajen shekarun 1440, a zamanin da ake kira na Farfaɗowa, lokacin da Turawa suka koma tono ilimi da fasahar Girka da Rum ta da. Sun yi tashe har cikin ƙarni na 16. Masu yin su ba su ba su suna ɗaya ba. Kalmar plaquette da masana ke kiran su da ita Faransawa ne suka raɗa ta a ƙarni na 19.

Amfaninsu na da yawa. Ana liƙa su a jikin akwatin tawada, da ƙotar takobi, da bangon littafi, da hula. Ana rataya su a ɗakin kwana don addu'a. Mafi muhimmanci, ana ɗaura musu mariƙi a yi amfani da su a coci, kamar yadda za mu gani a gaba.

Shagon maƙeri, makarantar gwanaye

A Kano da sauran biranen ƙasar Hausa an raba ƙira gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da zinariya. Mutanen da muke magana a kansu maƙeran fari ne.

A Italiya ta ƙarni na 15, shagon maƙerin zinariya shi ne makarantar da ta fi kowace koyar da hannu. Yaro zai shiga yana ƙarami, ya fara da shara da zuga wuta, sannan ya koyi zane a takarda, da sarrafa kakin zuma, da zubi, da sassaƙa a kan ƙarfe da 'yar ƙaramar kurfi. Wanda ya iya wannan duka, babu inda ba zai shiga ba. Filippo Brunelleschi, wanda ya gina ƙatuwar ƙubbar babban cocin Fulorans, a matsayin maƙerin zinariya ya yi rajista a ƙungiyar sana'a. Lorenzo Ghiberti, wanda ya yi kusan shekara 50 yana ƙera ƙofofin tagulla guda biyu na ɗakin baftisma na birnin, a shagon zinariya ya tashi. Haka Andrea del Verrocchio, malamin Leonardo da Vinci. A Jamus ma, Albrecht Dürer a shagon mahaifinsa maƙerin zinariya ya fara koyon sana'a.

Amma sana'ar tana da matsala guda. Kayan aikinta kuɗi ne da kansu. Kamar yadda uwargida a wurinmu ke sayen sarƙar gwal ta ajiye don ranar buƙata, haka sarakuna da coci-coci suke ɗaukar kwanonin azurfa da gicciyen zinariya. Idan yaƙi ya zo, ko bashi ya taso, ko yayi ya canza, sai a kai su ga wuta. Mai awo ba ya tambayar wane gwani ne ya yi aikin, nauyi kawai yake dubawa. Tagulla kuwa, garwin jan ƙarfe da kuza ce, kuma ɗan allon da bai cika tafin hannu ba ko an narkar da shi ba zai biya kuɗin gawayi ba. Rashin darajarsa shi ya zame masa garkuwa.

Kadinal mai tara duwatsu da mai sassaƙa a Padua

Asalin sana'ar ya fito daga wurare biyu.

Na farko birnin Rum ne. Pietro Barbo, ɗan attajiran Venis, ya zama Kadinal a 1440 yana da shekara 23, daga baya ya zama Fafaroma Paul na Biyu daga 1464 zuwa 1471. Mutum ne mai tsananin son tsofaffin duwatsun hatimi na Girkawa da Rumawa, waɗanda aka sassaƙa wa hotuna ƙanana. Lissafin kayansa da aka rubuta a 1457 ya nuna yana da ɗaruruwansu. Dutse irin wannan guda ɗaya ne a duniya, kuma ba kowa ake bari ya gan shi ba. Sai maƙera suka fara danna duwatsun a kaki, su ɗauki siffarsu, su zuba ta da tagulla. Ta haka mai zane a wani gari mai nisa yake samun hoton dutsen da ke kulle a akwatin Kadinal.

Na biyu birnin Padua ne, a arewacin Italiya. Donatello, babban mai sassaƙa na Fulorans, ya zauna can daga 1443 zuwa 1453 yana aikin tagulla na bagaden cocin Sant'Antonio. Da ya tashi, ya bar almajirai da wuraren zubi, har Padua ta zama cibiyar ƙananan kayan tagulla na shekaru masu yawa.

Akwai wani abu da ke nuna cewa Donatello da kansa yana tunanin kwafi. A watan Agusta na 1456 ya ba likitansa, Giovanni Chellini, kyautar wani zagayayyen faifan tagulla mai hoton Maryamu da jaririnta da mala'iku. Likitan ya rubuta a littafin lissafinsa cewa an rarake bayan faifan ta yadda za a iya zuba narkakken gilashi a ciki a fitar da hoto iri ɗaya da na gaba. Wato kyautar tana ɗauke da hanyar hayayyafarta. Faifan yana gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan.

Yadda ake zubi

Maƙeri zai fara da samfuri, wanda ya sassaƙa da kaki ko ya ƙera da azurfa. Daga nan hanya biyu ce. Zai iya lulluɓe kakin da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. Wannan ita ce hanyar da maƙeran Ife da Benin suka ƙware a kai. Ko kuma ya cika 'yan akwatuna biyu da lallausan rairayi mai danshi, ya danna samfurin a tsakani, ya cire shi, ya haɗa akwatunan, ya zuba ƙarfe ta wata 'yar kafa. Idan ya huce sai a goge da magagari, a gyara fuskoki da yatsu da kurfi, a shafa masa mai ko wani ruwa da zai ba shi launi. Mai kuɗi yakan sa a shafe nasa da ruwan zinariya, wanda ake haɗawa da zaiba a gasa, aikin da hayaƙinsa ya lalata lafiyar maƙera da yawa.

Abin lura shi ne, duk allon da aka gama zai iya zama samfurin wani. Wanda ya sayi guda ɗaya a Venis zai iya kai shi garinsu, ya danna a rairayi, ya fitar da goma. Ba ya buƙatar izini, ba ya buƙatar ya iya zane.

Sai dai kwafin yana da haraji. Tagulla tana ɗan tsukewa idan ta huce, saboda haka kowane allo yakan fi wanda aka ɗauke shi daga jikinsa ƙanƙanta kaɗan. Layuka masu kaifi kuma suna dusashewa. Duk wanda ya taɓa ganin hoton da aka yi ta ɗauka daga fuskar waya ana turawa a WhatsApp, daga wannan zaure zuwa wancan, har rubutun jikinsa ya daina karantuwa, ya san abin da ake nufi. Masana a yau suna auna allunan da ma'auni mai nuna ƙasa da milimita, suna bin diddigin tabo. Idan wani allo ya tsage a gefe, duk 'ya'yansa da jikokinsa za su fito da alamar tsagar. Da wannan ake gane wanne ya haifi wanne, kamar yadda malamai ke gwada kwafe-kwafen littafin da aka rubuta da hannu, su gane wanda aka kwafa daga wani ta kuskuren da suka yi tarayya a kai.

Allon da ake sumbata

A ibadar Katolika da ake kira Mas akwai wurin da masu ibada ke yi wa juna gaisuwar salama. A farkon Kiristanci sumbatar juna ake yi. Daga ƙarni na 13 sai aka sauya da wani ɗan allo mai hoton addini da mariƙi a baya, ana kiransa pax, wato salama da Latin. Limamin coci zai sumbace shi, mai hidima ya zagaya da shi, kowa ya sumbata.

Zagayawar tana bin muƙami ne, babba kafin ƙarami, kuma wannan ya sha jawo rigima. A 1522, a ƙauyen Theydon Garnon da ke Ingila, wani mai faɗa a ji ya fasa allon salamar cocinsu a kan mai hidimar, har ya fitar masa da jini, don ya fara miƙa wa wani kafin shi.

Manyan coci-coci suna sa a ƙera musu nasu da azurfa da zinariya. Cocin ƙauye ba shi da wannan ƙarfin. Allon tagulla shi ya toshe wannan giɓi: da kuɗi kaɗan limamin ƙauye zai samu hoton da gwanin birni ya tsara, ya kai wa maƙerin garinsu ya ɗaura masa mariƙi. Shi ya sa hotunan Maryamu da jariri, da na gawar Almasihu a hannun mahaifiyarsa, suka fi yawa cikin allunan da suka rage. Da yawa daga cikinsu fuskokin jikinsu sun shafe sun yi sulɓi, saboda leɓɓa da yatsun mutanen da suka yi shekaru suna taɓa su.

Maƙerin da ya kira kansa Ɗan Zamani

Wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a bai sa sunansa na yanka a aikinsa ba. A jikin wasu alluna akwai rubutun Latin da ke cewa aikin Moderno ne, ma'ana na zamani. An daɗe ana muhawara a kan ko wane ne. Yawancin masana yanzu sun tsaya a kan cewa Galeazzo Mondella ne, maƙerin zinariya na birnin Verona, wanda aka haifa a 1467 ya mutu a 1528. Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu fasahar Italiya, ya ambaci Mondella a gurguje a matsayin ɗaya daga cikin malaman wani mai sassaƙa duwatsu da ya je ya yi wa Sarkin Faransa aiki.

Laƙabin yana da ma'ana a lokacin. A birnin Mantua akwai wani maƙeri, Pier Jacopo Alari Bonacolsi, da ake kira Antico, wato na da, don gwanintarsa wajen kwaikwayon gumakan Rumawa. Zamani ne da kowa ke auna kansa da mutanen da.

Moderno ya bar zane-zane kusan 45, kuma ana samun kwafinsu a gidajen tarihi da yawa a Turai da Amurka. Aikinsa ya nuna yadda tsohuwar fasaha da addini suka cuɗanya. A watan Janairu na 1506 aka tono wani gunkin marmara a wata gonar inabi a Rum, na Laocoön, limamin birnin Troy a tatsuniyar Girkawa, macizai sun nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu, yana murɗewa don azaba. Fafaroma Julius na Biyu ya saye shi nan take. Ba a daɗe ba Moderno ya ƙera allon azurfa na bulalar Almasihu, ya ɗauki murɗewar jikin Laocoön ya ba Almasihu da ke ɗaure a ginshiƙi. Allon azurfar yana Viyana. Kwafinsa na tagulla kuwa sun bazu, suka kai siffar gunkin ga mutanen da ba su taɓa taka Rum ba, kuma da yawansu ba su san daga inda aka aro ta ba.

Masu sassaƙa dutse ma sun ɗiba. A wata ƙofar babban cocin birnin Como, mai kwanan wata 1507, akwai zanen da aka kwaso daga allunan Moderno. Mai ginin bai buƙaci ya je Verona ba, allon ne ya zo masa a aljihu.

Riccio da Belli

Andrea Briosco, wanda ake kira Riccio saboda nannaɗaɗɗen gashinsa, ɗan maƙerin zinariya ne. An haife shi a 1470, ya yi rayuwarsa a Padua, ya mutu a 1532. Ya koyi aikin tagulla a hannun Bartolomeo Bellano, almajirin Donatello. Babban aikinsa shi ne ma'ajin kyandir na bikin Ista a cocin Sant'Antonio, mai tsawon kusan mita 4, wanda ya fara a 1507 ya gama a 1516. A ƙananan allunansa na sa Almasihu a kabari, yakan cusa mutane da yawa a ɗan fili, mata na kuka da hannuwa a sama, tsofaffi sun sunkuya, kowa da irin baƙin cikinsa.

Valerio Belli na birnin Vicenza, wanda ya mutu a 1546, ta wata hanya ya shigo. Shi gwanin sassaƙa ne a kan kiristal, dutsen nan mai haske garau kamar gilashi. Fafaroma Clement na Bakwai, wanda muka fara da labarinsa, ya sa shi ya yi wani akwatin azurfa mai fuskokin kiristal sama da 20 da ke nuna rayuwar Almasihu. An gama shi a 1532. A 1533 Fafaroma ya kai shi Marseille ya ba Sarki Francis na Ɗaya na Faransa, a bikin auren 'yar danginsa Catherine de' Medici da ɗan sarkin. Akwatin ya koma Fulorans daga baya, yana fadar Pitti.

Mutum nawa ne suka ga wannan akwati a ƙarni na 16? 'Yan fada kaɗan. Amma da yake zanen a rarake yake cikin dutse kamar hatimi, ɗaukar siffarsa abu ne mai sauƙi. Vasari ya ce shagunan maƙera sun cika da siffofin aikin Belli da aka ɗauka da farar ƙasa da farar wuta. Daga irin waɗannan aka zuba allunan tagulla da dalma masu tarin yawa, wasu har da sunansa a jiki.

Na wane ne zanen?

Tambayar mallaka ta taso tun a lokacin. A 1474 Jamhuriyar Venis ta yi dokar da ke ba wanda ya ƙirƙiri sabuwar na'ura kariyar shekara 10, wadda ake lissafawa cikin dokokin farko na irin wannan a duniya. A 1511 Dürer ya buga gargaɗi a ƙarshen littafin hotunansa na rayuwar Maryamu, yana ja wa masu satar aikinsa kunne da izinin da ya samu daga Sarki Maximilian. Duk da haka an ci gaba da kwafarsa, a takarda da kuma a ƙarfe.

Masu allunan tagulla ba su da irin wannan kariya, kuma su ma masu aro ne. Suna ɗauka daga hotunan ɗab'i na Andrea Mantegna, da duwatsun Rumawa, da junansu. Wani zanen da Michelangelo ya yi wa Vittoria Colonna wajen 1540, na Maryamu da gawar ɗanta tsakanin mala'iku biyu, kyauta ce tsakanin aminai biyu. Cikin 'yan shekaru ya fita a ɗab'i, ya koma allon tagulla, ana sumbatarsa a coci-cocin da Michelangelo bai san da su ba.

A Jamus abin ya zama kasuwa a fili. Peter Flötner na Nuremberg, wanda ya mutu a 1546, yana sassaƙa samfuri, a zuba shi da dalma a sayar wa maƙera, su kuma su kwafa a jikin kofuna da kwanonin azurfa. Yawancin kofunan an narkar da su. Dalmar tana nan.

A daidai wannan lokaci rikicin addini ya raba Turai. Bayan Martin Luther ya ɗaga murya a 1517, wasu garuruwan da suka bar Katolika suka fitar da hotuna daga coci-coci: Zurich a 1524, Basel a 1529, ƙasar Holan a 1566. A Ingila, Sarki Henry na Takwas ya rufe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, azurfarsu da zinariyarsu suka tafi baitulmalinsa. Cocin Katolika ya mayar da martani a taron Trent, inda a 1563 ya jaddada halaccin hotunan ibada. Wannan ya ƙara wa allunan addini kasuwa a Italiya da Sifen, kuma masu wa'azi suka ɗebe su a jaka zuwa ƙasashe masu nisa, don ba su da nauyi, ba sa yagewa, ruwan teku ba ya ɓata su.

Daga leɓe zuwa tafin ƙafa

Ɗaya daga cikin ƙasashen ita ce Japan. Francis Xavier ya sauka a Kagoshima a 1549, kuma cikin shekaru kaɗan Kiristoci suka yi yawa a kudancin ƙasar, musamman yankin Nagasaki. A 1614 gwamnatin Tokugawa ta haramta addinin. Wajen 1629 hukumomin Nagasaki suka fito da hanyar gano masu ɓoye imaninsu: a ajiye hoton Almasihu ko na Maryamu a ƙasa, a ce kowa ya taka. Wanda ya ƙi, ya tona kansa, kuma hukuncin na iya kaiwa ga azaba da kisa. Ana kiran hotunan fumi-e, wato hoton takawa.

Hoton takarda ba ya jure ƙafafun jama'a. Sai aka ɗauko allunan ƙarfe da aka ƙwace daga hannun Kiristoci aka dasa su cikin katako. A 1669 hukumar Nagasaki ta sa wani maƙerin garin ya zuba sababbi guda 20, yana bin siffar na Turai. Guda 19 daga cikinsu suna gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo. A Nagasaki an mayar da takawar al'adar farkon kowace shekara, gida-gida, har da marasa lafiya a kan shimfiɗa. An yi haka fiye da shekara 200, sai a shekarun 1850 aka daina, kuma a 1873 aka janye haramcin. Akwai iyalan da suka yi ta takawa kowace shekara, suna komawa gida su nemi gafara, suka riƙe addininsu a ɓoye har zuriya bakwai.

Irin allon da aka tsara a Turai don a sumbata, shi aka ajiye a ƙasa don a taka. Ingancin da ya sa limamin ƙauye ya zaɓe shi, wato araha da juriya da sauƙin kwafi, shi ne ya sa hukumar Nagasaki ta zaɓe shi. Fuskokin da ke jikin na Tokyo ma sun shafe.

Abin da ya rage

A Turai yayin allunan ya wuce a ƙarni na 17, aka manta da su a akwatuna da ɗakunan ajiyar coci. Masu tara kayan tarihi na ƙarni na 19 ne suka farfaɗo da su. A 1886 Émile Molinier na gidan tarihin Louvre ya wallafa kundin farko da ya jera su ya rarraba su. Wilhelm von Bode ya tara wa gidan tarihin Balin masu yawa. Tarin da Gustave Dreyfus ya yi a Faris ya bi ta hannun dillalai zuwa gidauniyar Samuel Kress, ya ƙare a National Gallery of Art da ke Washinton a 1957. Da farashi ya tashi, sai wasu suka koma ga rairayi da wuta suna zuba sababbi suna sayarwa a matsayin tsofaffi, abin da ya ƙara wa masu aunawa aiki har yau.

Cellini ya rubuta littafi guda a kan rayuwarsa, ya yabi kansa a kusan kowane shafi, ya lissafa sarakunan da ya yi wa aiki. Cikin manyan ayyukansa na zinariya, guda ɗaya ne aka tabbatar ya kai zamaninmu: ma'ajin gishirin da ya gama wa Sarki Francis a 1543. Shi ma an sace shi daga gidan tarihin Viyana a 2003, sai a 2006 aka tono shi a wani daji, a binne cikin akwati. Da ɓarawon ya kai shi ga wuta, da shi ke nan.

Mondella bai bar littafi ba, ko sunansa bai rubuta a aikinsa ba. Amma babu ɓarawo ko yaƙi ko bashin da zai iya shafe zanensa, don yana warwatse a ɗaruruwan kwafi, wasu masu kaifi daga shagonsa, wasu dusassu daga hannun maƙeran da ba a san sunansu ba, waɗanda suka danna allonsa a rairayi ba tare da sun tambaye shi ba.